Fangas ya iya lissafin maiƙo, mu ne ba mu iya lissafin magani ba

Ina da shekara 17 kyasbi ya fara fito mini a kafaɗa. Da farko ɗigo biyu ne ko uku, fari-fari kamar an yayyafa gari, amma kafin damina ta wuce sun haɗe sun gangara har tsakiyar baya. Goggona, Allah ya jiƙanta, ta ce bushewar fata ce, ta ba ni kwalbar man zaitun ta ce in riƙa shafawa safe da yamma. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na nufi wani kemis a unguwarmu. Mai shagon bai ko ce in ɗaga riga ba. "Samari, ai wannan ba komai ba ne," in ji shi, ya miƙo mini wani man shafawa da aka rubuta a kwalinsa cewa yana aiki uku a lokaci guda, ya haɗa mini da ƙwayoyin sha na kwana uku. Kusan shekara biyu na yi ina wannan zarya tsakanin kwalbar goggo da shagon kemis.

Sai bayan na fara aikin jarida, wata likitar fata da na je hira da ita kan wani batu daban ta ji labarin, ta yi dariya ta ce, "Malam, ai kiwonsa ka yi." Ta bayyana mini cewa idan ana son ƙwayar da ke haddasa kyasbi ta tsiro a ɗakin gwaje-gwaje, man zaitun ake malala mata a kan faranti. In babu mai, ba ta tsirowa.

Wannan magana ce ta ja ni ga batun da nake son mu duba a wannan mako, wato yadda maiƙo ke juya akalar fangas masu jawo cuta. Fangas su ne dangin fumfunar da ke fitowa a kan burodi da yis ɗin da ke kumbura shi, kuma wasu daga cikinsu a jikinmu suke zaune. Ra'ayina shi ne muna yi musu kallon datti, abin da wanka da ɗan shafe-shafe za su kawar, alhali halittu ne da ke auna abin da ke kewaye da su, su sauya aikinsu daidai da abin da suka auna. Daga cikin abubuwan da suka fi aunawa akwai maiƙo, na jikinmu da na jikinsu. Wanda ya fahimci haka zai ga dalilin da ya sa sakacin da muke yi da 'yan magungunan fangas da duniya ta mallaka yake da tsada.

Kafin mu yi nisa, kalmomi biyu na buƙatar bayani. Duk wani aiki da ke gudana a cikin ƙwayar halitta, narkar da abinci ne ko gina bango, akwai wani furotin da ke yin sa, shi ake kira inzayim. Kowane inzayim kuma yana da tsarin yadda za a ƙera shi a rubuce a cikin DNA, wannan rubutu shi ne ƙwayar gado. To amma ba kullum ake karanta kowane rubutu ba. Maƙeri yana iya mallakar zubi ɗari, amma idan damina ta kama, na fartanya da garma zai ɗauko, sauran su zauna a rataye. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani yanki da ke aiki kamar makunni, akwai kuma furotin na musamman da ke zuwa su danna shi idan sun ji wata alama. Abin da bincike ya yi ta nunawa cikin shekaru 25 da suka wuce shi ne, a wurin fangas masu cutarwa, sau da yawa wannan alama maiƙo ce: yawansa, ƙarancinsa, ko nau'insa.

Mu fara da mai kyasbin. Sunansa Malassezia, an sa masa sunan wani masanin Faransa, Louis-Charles Malassez, wanda ya siffanta shi a cikin amosanin kai a 1874. Kusan kowane baligi yana ɗauke da shi a fatar kai, fuska, ƙirji da baya, wato daidai wuraren da fata ta fi fitar da maiƙo. A 2007 aka wallafa cikakken rubutun gadon nau'in da ake kira Malassezia globosa. Masu binciken kamfanin Procter & Gamble ne suka jagoranci aikin, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda su ke yin sabulun wanke gashi na Head & Shoulders; mai sayar da maganin amosani dole ya so sanin abokin gabarsa. Abin da suka tarar ya ba da ma'ana ga abin da masu ɗakin gwaji suka daɗe suna gani. Wannan fangas ba shi da ƙwayar gadon inzayim ɗin da ke ƙera asid ɗin maiƙo, abin da kusan duk sauran fangas suke da shi. Ya yi asararta a tsawon tarihinsa na zama a fatar dabbobi. A madadinta sai ya tara kayan fasa maiƙon wani: ƙwayoyin gado 14 na inzayim ɗin lifes, mai farfasa mai, da 9 na fosfolifes. Sun kuma ɗauki samfur daga kan mutane suka tabbatar cewa waɗannan ƙwayoyin gado a kunne suke a kan fatar kai.

Halitta ce da ta rufe murhunta ta koma cin na maƙwabta. Tana fitar da lifes a kan fata, ya farfasa maiƙonmu, ta ɗebi abin da take so, ta bar saura. Daga cikin abin da ke saura akwai asid ɗin oliyik, wanda shi ne mafi yawa a man zaitun. A wani gwaji da aka wallafa a 2005, an shafa wannan asid shi kaɗai a kan mutane, sai ya tayar da ɓarewar fata irin ta amosani ga waɗanda dama suna da halin yin amosani, ya bar waɗanda ba su da wannan hali lafiya lau. Don haka abu uku ne ke haɗuwa: fangas, maiƙo, da irin fatar mutum. Shi ya sa mata biyu za su yi kitso wurin mai kitso ɗaya, da mai iri ɗaya, ɗaya ta kwana tana susa ɗaya kuwa ko a jikinta. Shi ya sa kuma kyasbi da amosani suka fi addabar matasa, domin a lokacin balaga ne fata ke buɗe famfon maiƙo, ga zafi da gumi irin na ƙasashenmu suna taimakawa.

Ba ina cewa a zubar da man kitso ba ne, kuma ba na ɗora wa goggona laifi. Abin da ta gada ta ba ni, da kyakkyawar niyya. Ina cewa ne ɓarewar kai kala biyu ce da ido ba ya saurin rarrabewa, ta bushewa da ta fangas, kuma abin da ke sanyaya ta farko yana iya zama tuwon ta biyu.

Da a kan fata labarin ya tsaya, da batun kwalliya ne kawai. A 1981 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani jariri da aka daɗe ana ciyar da shi da ruwan maiƙo ta jijiya, aka tarar da Malassezia a jijiyoyin huhunsa. Tun daga nan aka san cewa bakwaini da ke kwance ana ba shi abinci ta jijiya yana cikin wannan haɗari: fangas da ba ya iya rayuwa a inda babu mai, ga shi an kawo masa mai har cikin jini ta bututun roba. Haka abin yake ga wani yis da ake kira Candida parapsilosis, wanda ya yi ƙaurin suna a ɗakunan jarirai. A 2007 Attila Gácser da Joshua Nosanchuk da abokan aikinsu suka cire masa ƙwayoyin gadon lifes guda biyu. Sai ya kasa bunƙasa sosai a cikin ruwa mai maiƙo, shimfiɗar da yake yi ya manne a jikin roba ta yi rauni, fararen ƙwayoyin jini suka fi samun sauƙin kashe shi, cutarwarsa ga dabbobin gwaji ta ragu.

Ɗan'uwansa da aka fi sani, Candida albicans, mai haddasa yawancin ƙaiƙayin gaba na mata da farin da ke fitowa a bakin jarirai, yana da ƙwayoyin gadon lifes har 10, kamar yadda Bernhard Hube da abokansa suka nuna a Jamus a 2000. Ba dukkansu ke jiran mai kafin su kunnu ba, wasu a kunne suke ko babu shi, abin da ke nuna cewa lissafin bai kai sauƙin "ga mai, kunna wuta" ba. Amma akwai wani gwaji da ya fi burge ni. Idan farar ƙwayar jini ta haɗiye wannan yis, ya tsinci kansa ne a kurkukun da babu sukari. Michael Lorenz da Gerald Fink sun nuna a 2001 cewa a nan sai ya kunna wasu inzayim da ke ba shi damar ƙera sukari daga ɓurɓushin maiƙo, babba daga cikinsu shi ne wanda ƙwayar gadon ICL1 ke samarwa. Da suka cire ta, ƙarfinsa na kashe ɓeraye ya ragu ƙwarai. Jikin ɗan Adam ba shi da wannan inzayim, don haka aka yi murna cewa an sami inda za a harba ba tare da an taɓa majiyyaci ba. Murnar ta ɗan ragu da aka cire irin wannan ƙwayar gado a wasu fangas biyu masu kisa, Cryptococcus da Aspergillus fumigatus, suka ci gaba da kashe ɓeraye abinsu. Kowane fangas da tasa dabarar.

Duk wannan maiƙon waje ne, wanda fangas ke ci. Inda batun ya fi shafar aljihunmu da rayukanmu shi ne maiƙon da yake ƙerawa da kansa.

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani, kuma tantanin yana buƙatar wani nau'in maiƙo da ke daidaita taurinsa. A jikinmu kolestirol ne, wanda likitoci ke yawan gargaɗi a kansa amma babu mai rayuwa ba tare da shi ba. A fangas kuwa argostirol ne. Wannan ɗan bambanci shi ne kusan duk jarinmu a yaƙi da su. Domin fangas, ba kamar bakteriya ba, danginmu ne na kusa a tsarin halitta, abin da zai kashe su yakan taɓa mu. Shi ya sa a yayin da magungunan bakteriya suka kasu gida-gida masu yawa, manyan gidajen maganin fangas da ya shiga jini ko gaɓoɓin ciki huɗu ne kacal, biyu daga ciki kuma argostirol suke hari. Amfoterisin B, wanda aka samo a shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta a ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela, yana kama argostirol ɗin kai tsaye. Gidan azol kuwa, wato su fulukonazol da kitokonazol da kulotirimazol da ke cike da kantocin kemis, suna toshe inzayim ɗaya ne a layin ƙera shi, wanda ƙwayar gadon ERG11 ke samarwa.

Yanzu mai karatu ya tuna tankin ruwa na saman gida, irin wanda aka sa wa ƙwallon da ke kunna injin tura ruwa da zarar ruwa ya yi ƙasa. Candida yana da irin wannan ƙwallo, wani furotin mai suna Upc2. A jikinsa akwai aljihun da argostirol ke shiga ya zauna. Muddin aljihun a cike yake, furotin ɗin yana zaune a gefe ba ya komai. Da zarar argostirol ya yi ƙaranci aljihun ya zama fanko, sai ya shiga cibiyar ƙwayar halitta ya danna makunnin ERG11 da na sauran inzayim na wannan layi. To me maganin azol ke yi? Rage argostirol. Ashe ke nan maganin da kansa ne ke buga ƙararrawar da ke sa fangas ya ninka inzayim ɗin da maganin ya zo toshewa. Idan maganin ya isa, kuma an sha shi iya kwanakin da ya kamata, yakan rinjayi wannan ninki, garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. Idan kuwa rabi aka sha, ko ƙwayar jabu ce mai ƙarancin sinadari, fangas ɗin ya sami sararin numfashi.

Akwai bambanci a nan da ya kamata a riƙe, domin ana yawan cakuɗa shi. Wannan martani na wucin gadi ne, idan magani ya tafi makunnin yakan koma yadda yake. Ba wai fangas yana koyon darasi ba ne kamar ɗalibi. Abin da ke faruwa shi ne, martanin yana raya miliyoyin ƙwayoyi a ƙarƙashin magani na tsawon lokaci, a cikinsu kuma wata rana sai a sami ɗaya da kuskuren kwafi ya sauya mata rubutu ta yadda ya amfane ta. A 2008 masu bincike a Jamus da Amurka suka gano irin wannan a Candida da aka samo daga jikin majiyyaci: harafi ɗaya ya sauya a rubutun Upc2, sai ƙwallon tankin ya maƙale a "kunne". Ko akwai argostirol ko babu, injin yana ta aiki, fulukonazol ya rage tasiri. Wannan kuwa gado ne, 'ya'yanta da jikokinta duk haka za su fito.

Sauran fangas sun warware wannan matsala da wani ma'auni daban, wanda abin mamaki irin namu ne. Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1985 kan yadda jiki ke sarrafa kolestirol, sun gano a 1993 wani furotin da ke kunna ƙwayoyin gadon ƙera kolestirol idan ya yi ƙaranci a jikin ɗan Adam. Daga baya aka tarar fangas ma suna da ɗan'uwansa, amma sun ƙara masa wani aiki. Ƙera argostirol na cin iskar oksijin sosai, don haka idan iska ta yi ƙaranci argostirol yakan ragu, sai fangas ya mai da matakin maiƙonsa ma'aunin iskar da ke wurin. Wannan yana da muhimmanci domin cikin naman da ya kumbura da cuta wuri ne mai ƙarancin iska. A 2007 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka cire wannan furotin, mai suna Sre1, daga Cryptococcus neoformans. Sai ya kasa girma a ƙarancin iska, ya raunana a ƙwaƙwalwar ɓeraye, kuma ɗan azol kaɗan ya isa ya durƙusar da shi. Shekara guda bayan haka ɗakin binciken Robert Cramer ya yi irin wannan da Aspergillus fumigatus, inda furotin ɗin ke amsa sunan SrbA. Fangas ɗin ya daina kisa, har ma fulukonazol, wanda a al'ada ba ya yi masa komai, ya fara kama shi.

Cryptococcus ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Shi ke haddasa wani nau'in sanƙarau ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ƙiyasin da aka wallafa a 2022 ya nuna yana kashe kimanin mutum 112,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara, kusan kashi 19 cikin 100 na mace-macen da ke da nasaba da ƙanjamau. Fulukonazol yana cikin abin da ake riƙe waɗannan marasa lafiya da shi na tsawon watanni. Ƙwayar da ake miƙa wa mace a kemis duk lokacin da ta ce tana jin "sanyi", ba tare da an duba ko fangas ne ko wani abu daban ba, ita ce dai ƙwayar da ran wani ke rataye a kanta a gadon asibiti.

Labarin da ya fi tayar mini da hankali daga Holan ya fito. Likitoci a birnin Nijmegen, ƙarƙashin jagorancin Paul Verweij, sun lura cewa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ana samun Aspergillus fumigatus da azol ba ya ci a huhun marasa lafiyar da ba su taɓa shan azol ba a rayuwarsu. Da aka duba rubutun gadonsa sai aka ga abu biyu. Akwai ɗan sauyi a jikin inzayim ɗin, sannan a yankin makunni an maimaita wasu haruffa 34 sau biyu. Daga baya aka nuna cewa a kan waɗannan haruffa ne SrbA ke sauka ya kunna ƙwayar gadon. Wurin dannawa ya zama biyu, yawan karanta rubutun ya ninka har kusan sau 8. Daga ina fangas ɗin ya samo wannan, tunda ba a jikin majiyyaci ba ne? Hujjoji sun karkata ga gona. Magungunan feshi na gidan azol da ake kare amfanin gona da furanni da su, irin su tebukonazol da furofikonazol, inzayim ɗaya suke toshewa da na asibiti. Aspergillus ba shi ake nufi da feshin ba, yana zaune ne a ƙasa da tarin takin da ke ruɓewa, amma feshin yana isa gare shi. Wanda ya tsira ya watsa ƙurarsa a iska, mai raunin huhu ya shaƙa. An sami wannan nau'i a ƙasashe da dama, har da Indiya da Tanzaniya. Duk ƙasar da ke da ɗimbin mutanen da tarin fuka ya bar wa ramuka a huhu, inda wannan fangas ke son yin sheƙa, kuma take faɗaɗa noman feshi, wannan labari nata ne, mu ma muna ciki.

Na san abin da wani zai ce, domin wani abokina likita ya faɗa mini shi ƙarara: a asibitin da ake neman safar hannu da jinin ƙari, wa ke da lokacin Upc2? Zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da gudawa sun ishe mu. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan ƙara masa da wata: yawancin gwaje-gwajen da na ambata a ɓeraye da faranti aka yi su, kuma har yau babu wani magani a kasuwa da ke toshe Upc2 ko SrbA, duk da cewa masu bincike na neman sa, don in an same shi zai iya dawo wa tsofaffin azol da kaifinsu. Amma ban yarda cewa wannan ilimi kayan ado ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 mafi haɗari a karon farko a watan Oktoban 2022, kuma uku daga cikin huɗun da ta sa a sahun gaba su ne waɗanda muka tattauna: Cryptococcus neoformans, Aspergillus fumigatus da Candida albicans. Na huɗun, Candida auris, wanda aka fara siffantawa a Japan a 2009, yawancin nau'o'insa fulukonazol ba ya cin su tun farko. Ƙasar da ba ta da kuɗin sayen sababbin magunguna ita ta fi kowa buƙatar tsofaffin su ci gaba da aiki. Mai kuɗi idan azol ya gaza zai koma gidan ekinokandin, wanda allura ce mai tsada. Talaka ba shi da inda zai koma.

Abin da ilimin ke nema daga gare mu kuma ba mai tsada ba ne. Man nan mai aiki uku da aka ba ni yana ɗauke da sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi ta hanyar danne garkuwar fata, ga ɗan maganin fangas a ciki, ga na bakteriya. Mutum ya shafa kwana huɗu, ƙaiƙayi ya lafa, ya ajiye, ya dawo bayan wata guda. Da wuya a tsara yanayin da ya fi wannan dacewa da zaɓo fangas mai taurin kai. Indiya ta riga ta ɗanɗana. Wani nau'in makero da aka sa wa suna Trichophyton indotineae ya bazu a can, likitocin fata na ƙasar suna danganta shi da yawan shafa irin waɗannan mayuka, kuma sau da yawa tabinafin ba ya cin sa saboda sauyi a wani inzayim na layin argostirol ɗin nan dai. Yanzu ana samun sa a Turai da Amurka. A kasuwanninmu kuwa irin waɗannan mayuka har a matsayin man bilicin ake sayar da su. A ganina ya kamata a mayar da su bayan kanta, ba a bayarwa sai da takardar likita, haka ma fulukonazol na sha. Kitokonazol na sha kuwa tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita shi saboda illarsa ga hanta, babu dalilin da zai sa a ba saurayi shi don tabon kafaɗa, alhali na shafawa da na wanke kai suna nan kuma suna aiki. Ya kamata kuma a riƙa gaya wa mai kyasbi abin da ba wanda ya gaya mini: bayan fangas ya mutu, farin tabon kan ɗauki watanni kafin launi ya dawo. Rashin sanin wannan kaɗai ya sa mutane da yawa suna ta maimaita maganin cutar da ta riga ta tafi.

Ma'aikatun gona da na lafiya su ma suna da zaman da ba su yi ba. Mai ba da izinin shigo da maganin feshi yana yanke hukunci ne a kan makomar maganin asibiti, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne maiƙon da ke taimakon fangas shi ne kuma ya gyara mana maganinsa mafi ƙarfi. Amfoterisin B ya daɗe yana lalata ƙoda, har aka gano cewa idan aka naɗe shi cikin 'yan ƙananan ƙwallayen maiƙo illarsa na raguwa sosai. Wani babban gwaji da aka yi a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa allura ɗaya mai ƙarfi ta wannan nau'i, tare da ƙwayoyin sha biyu, tana ceton rai daidai da allurar mako guda ta tsohon nau'in, da ƙarancin illa. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi tsarin da ta fi ba da shawara a kai ga sanƙarau ɗin Cryptococcus. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin shan biyu fulukonazol ce.

Likitar fatar nan ta gaya mini wani abu a ƙarshen hirarmu da har yau yake dawo mini. Ta ce idan bakwaini da ake ciyarwa ta jijiya ya kama zazzaɓi, aka kai jininsa ɗakin gwaji, aka shuka a farantin da aka saba, sakamako zai iya dawowa cewa babu komai, domin Malassezia ba zai tsiro a busasshen faranti ba. Sai an sami likitan da ya yi zargin sa ya rubuta a takarda, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ya san ya ɗiga man zaitun mai tsabta a kan farantin kafin ya rufe.